Cibiyar sasanci ta Legas: abin da za ta yi wa uban da aka raba da 'ya'yansa, da inda ƙarfinta ya tsaya

Aure ya mutu, idda ta ƙare, an kwashe kaya. Abin da ya rage shi ne yara biyu ko uku a gidan kakanninsu a Agege ko Idi-Araba, da uban da ya yi wata huɗu bai sa su a ido ba. In ya kira, waya a kashe. In ya je ƙofar gida, a ce masa sun tafi Islamiyya. Yawancin mazanmu a Legas hanya biyu suka sani a nan: ko su kai maganar gaban Sarkin Hausawa ko limamin unguwa, ko su ɗauko ɗan sanda. Ta farko tana aiki matuƙar da sauran kunya tsakanin dangin biyu. Ta biyu kuwa ɓata lamari take yi, domin caji ofis ba wurin yanke riƙon yaro ba ne, kuma yaron da ya ga an zo wa uwarsa da ɗan sanda ba ya mantawa.

Akwai hanya ta uku da 'yan Arewa mazauna Ikko ba su cika bi ba, wato cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha, Citizens' Mediation Centre, wadda aka fi sani da CMC. An kafa ta a 1999 a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana kwamishinan shari'a na jihar, aka kuma yi mata dokarta a 2007. Tana da rassa a sassan birnin da dama, har da Ikeja, Agege, Yaba, Ikorodu da Badagry. Aikin da ya fi yi mata yawa rigimar mai gida da ɗan haya ne, sai bashi da albashin da aka danne wa ma'aikaci, amma tana karɓar rikicin iyali, ciki har da ciyarwa da riƙo da ziyarar yara. Ba a biyan ko sisi, kuma ba dole sai da lauya ba.

A ganina, uban da burinsa ya riƙa ganin 'ya'yansa a kai a kai ba tare da ya tozarta uwarsu ba, wannan ce ƙofar da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa. Wanda kuma ya taho da niyyar a ƙwato masa yara a miƙa masa, asarar kuɗin mota kawai zai yi.

Ana zuwa ne ranar aiki, kuma gara ka yi sammako, domin aikin kyauta a gari irin Legas ba ya rasa layi. Za ka shigar da kokenka a rubuce, da sunanka da nata, da adireshinta da lambar wayarta, da abin da kake nema. In rubutun Turanci yana ba ka wahala, ka sa a rubuta maka tun daga gida. A nan mutanenmu suke fara yin tuntuɓe. “Bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure” kwatance ne, ba ya isar da wasiƙa. Ka nemo lambar gida da sunan layi kafin ka fito. Sannan wurin abin da kake nema, kada ka cika takarda da tarihin zaman aurenku da abin da surukarka ta taɓa faɗa maka. Layi uku sun isa: ina son a tsayar mini da ranakun ganin yarana, ina son a rubuta abin da zan riƙa bayarwa na ciyarwa da makaranta, ina son a sanar da ni kafin a yi tafiya da su.

Daga nan cibiyar za ta fitar da takardar gayyata zuwa ga uwar yaran, da ranar zama. Gayyata ce, ba sammaci ba, amma a gidan Bahaushe duk takardar da ta zo da tambarin gwamnati sunanta “ya kai mu kotu”. Don haka kafin takardar ta isa, ka tura dattijon da suke ganin girmansa ya gaya wa mahaifinta ko waliyyinta cewa zaman sulhu ne, babu alƙali, babu wanda za a kama. Wannan aiken na minti goma shi ne sau da yawa yake sa ta zo ko ta ƙi.

Ranar zama, mai shiga tsakani zai saurari kowa bi da bi. In magana ta yi zafi yakan raba ku, ya gana da kowa shi kaɗai, sannan ya sake haɗa ku. Ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ne mai gaskiya, kuma abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne. Zama ɗaya ba kasafai yake gamawa ba. Ka tafi da mutum ɗaya mai sanyin rai. Wanda ya kwaso 'yan'uwa biyar ya mayar da sulhu taron dangi, kowa yana son ya nuna shi ma yana da baki.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa. Aikin ofis a Legas da Turanci ake yi, sai buroka da Yarbanci. Kai da kake kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba kullum buroka ba ta yi maka wuya, amma matar da aka kawo daga Ɗanbatta ko Illela, ta yi shekara takwas a cikin gida, ba lallai ta gane rabin abin da ake faɗa ba. Ka tada maganar tafinta tun ranar shigar da koke, kuma kada ka ce ƙaninka ne zai fassara mata. A samo wanda ita ta yarda da shi. Wannan don amfaninka ne: yarjejeniyar da ta sa wa hannu ba ta fahimta ba, da ta koma gida aka karanta mata za ta ce an yaudare ta, shi ke nan an koma gidan jiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai tsaya maka a ɗakin nan takardu ne, kuma tara su yana cin makonni. Takardar haihuwar kowane yaro ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, shaidar aure da ta saki in akwai, rasit ɗin kuɗin makaranta, katin asibiti, da bayanin asusunka na banki na wata shida zuwa shekara. Matsalar ita ce ubanmu na Legas da tsabar kuɗi yake hidima. Ya ba yaron shago dubu ashirin ya kai, ya aika buhun shinkafa ta hannun mai keke, ya biya kemis da hannunsa. Ranar da aka ce bai taɓa ba da komai ba, ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Daga yau ka koma turawa ta banki, kana rubuta dalili a jikin saƙon, kamar “abincin yara, Maris”. In ta wurin mai POS ka tura, ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take, domin irin takardar nan rubutunta yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a aljihu da zafin Legas. Kuɗin makaranta kuwa ka biya kai tsaye a asusun makarantar da sunan yaron.

Mai shiga tsakani ba alƙali ba ne, amma yana magana ne da sanin abin da kotu za ta yi in sulhu ya gagara, don haka ya kamata kai ma ka sani. Legas ta yi dokar haƙƙin yara a 2007, bayan ta tarayya ta 2003. Yaro a dokar shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ma'auninta guda ne, wato abin da ya fi zama alheri ga yaron. Uwa da uba kowa yana iya neman riƙo ko damar ziyara a kotun iyali, wadda take zama a matakin majistare da na babbar kotu, ba kuma a bainar jama'a ba. Dokar sakin aure ta 1970 ta shafi waɗanda suka yi auren rajista ne kawai, irin wanda ake ɗaurawa a ofishin rajistar aure na Ikoyi, don haka auren da aka ɗaura a masallaci ba ya ƙarƙashinta. A aikace kotunan Najeriya sukan bar ƙaramin yaro a hannun uwa. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Odogwu da Odogwu a 1992, cewa ana ɗaukar yaro mai ƙarancin shekaru zai fi samun natsuwa wurin uwarsa sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Wasu iyaye maza da suka ji wannan sai su ce dokar Nasara ce, su dai a yi musu shari'ar Musulunci. To, Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, sai kwamitocin malamai masu zaman kansu da ke zama a wasu masallatai, su ma sai ɓangarorin biyu sun yarda. Kuma duk wanda ya karanta babin hadana, wato riƙon yaro, a Risala ya san mazhabar Malikiyya ta fi dokar Legas ba uwa riƙo. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ko ta rasu, riƙon yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa kafin a zo kan uba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa matar da aka so a ƙwace mata ɗa cewa ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abin da uba yake da shi shi ne walicci, wato kula da tarbiyya da karatu da dukiyar yaro da aurar da shi, da damar ganinsa, a kansa kuma ciyarwa da tufatarwa da muhalli suke. Malamai sun yi maganar uban da zai ƙaura zuwa gari mai nisa ya zauna dindindin, da sharuɗɗan da za su ba shi damar tafiya da yaro, amma wannan mas'ala ce ta gaban malami, ba hujjar ɗauke yaro daga makaranta a saka shi a motar Kano da dare ba. Al'adarmu ta karɓe yaro da zarar an yaye shi a kai wa kishiyar uwa ko kaka, al'ada ce kawai, ba ta da gindin zama a fiƙihu ko a dokar jiha.

Wannan ne ya sa nake jin ciwo in na ga matasanmu a Facebook suna kwaso maganganun masu fafutukar haƙƙin iyaye maza na Turai da Amurka suna ɗora su a kanmu kamar riga ɗaya ce, suna cewa 'yan feminis, wato masu rajin haƙƙin mata, ne suka raba uba da ɗansa. Tarihin abin ya fi haka sarƙaƙiya. A Ingila ta da, yaro mallakin uba ne kacokan, matar da aka rabu da ita ba ta da ikon ko ganinsa. Wata mata mai suna Caroline Norton, wadda mijinta ya hana ta 'ya'yanta uku, ita ta yi ta faɗi-tashi har majalisa ta yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba. Da tafiya ta yi nisa sai ma'aunin ya rinjaya ɗaya gefen, kotuna suka saba ba uwa yara, uba ya zama mai biyan kuɗi da ziyarar ƙarshen mako. Daga nan ƙungiyoyin iyaye maza suka taso. An kafa Families Need Fathers a Ingila a 1974. Fathers 4 Justice ta zo daga baya da salon jan hankali, har wani ɗanta ya haye bangon fadar Buckingham a Satumbar 2004 sanye da kayan jarumin fim.

Abin da masu zagin ba sa faɗa shi ne tushen ɓangarorin biyu ya haɗu a wuri guda. Masu rajin haƙƙin mata ne suka fara cewa reno ba aikin mace kaɗai ba ne, namiji ma yana iya yi wa yaro wanka ya kai shi asibiti, kuma a kan wannan maganar uba yake tsayawa in ya ce a ba shi rabin lokacin ɗansa. Karen DeCrow, wadda ta shugabanci babbar ƙungiyar matan Amurka ta NOW daga 1974 zuwa 1977, ta goyi bayan riƙon haɗin gwiwa a fili. Warren Farrell, wanda ya zama jigo a fafutukar maza, daga cikin shugabannin reshen ƙungiyar na New York ya fito, batun riƙon yara ne ya raba su. Inda ɓangarorin biyu suka saɓa har yau shi ne ko doka ta ɗauka tun farko cewa rabi da rabi za a yi. Jihar Kentaki a Amurka ta yi irin wannan doka a 2018. Ostareliya ta shigar da ƙa'idar raba alhakin yaro daidai a 2006, sannan ta cire ta a gyaran da ya fara aiki a watan Mayun 2024, bayan doguwar muhawara kan cewa tana jefa mata da yaran da suka gudo daga duka cikin haɗari.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma duk biyun ana ganinsu a Agege. Gaskiya ne akwai uwar da take mayar da yaro makami, ta hana ziyara don huce haushin kishiya, ta cusa wa yaro ƙin ubansa, kuma ba kasafai ake hukunta wannan ba. Uban da yake biya kowane wata amma ba a bari ya ji muryar 'yarsa an zalunce shi, ita ma 'yar an zalunce ta. Gaskiya ne kuma a cikinmu wanda ya fi yawa shi ne uban da ya yi saki ya juya baya, ko wanda bai tuna da yara ba sai da ya ji ta samu miji, ko mai neman riƙo don ya huta da biyan kuɗin ciyarwa. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, da BAOBAB da ta fara aiki a nan Legas a 1996, da lauyoyi mata na FIDA, yawancin abin da suke bi wa matanmu a wannan fage haƙƙi ne da shari'a ta riga ta ba su. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Abin da ya raba uba da ɗansa a Legas ya fi kusa da gida: sakin da aka yi cikin fushi, dangin da suka shiga, da rashin komai a rubuce.  Ayar da ta fi dacewa da ɗakin sulhu ita ce ta 233 a Suratul Baƙara, inda aka hana cutar da uwa saboda ɗanta, aka kuma hana cutar da uba saboda ɗansa, a cikin jumla guda.

Inda cibiyar ta fi amfani shi ne takardar yarjejeniyar da za ku sa wa hannu in an daidaita, kuma ingancinta ya dogara da abin da kuka sa aka rubuta. Jumlar da ta fi kowace rusa sulhu ita ce “uba zai riƙa ganin yaransa duk lokacin da ya so”. Tana da daɗin ji a ɗakin, amma lokacin da ya so shi ne lokacin da ita ba ta so. A rubuta rana da awa: Asabar ta farko da ta uku a kowane wata, daga ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma. A rubuta wurin miƙa yara, kuma ya fi kyau ya zama gidan wani dattijo ko harabar masallaci, ba ƙofar gidan sabon mijinta ba. A rubuta wanda zai kawo da wanda zai mayar. A ba da rangwamen awa guda saboda gosulo, wato cunkoson motoci, domin wanda zai taso daga Ikorodu ko Alaba Rago zuwa Agege ba shi da iko da hanya, amma a ce dole ya kira kafin lokacin ya cika. In ziyara ta faɗi saboda ciwo ko jarrabawa, a ce za a rama ta Asabar mai zuwa. A tsayar da lokacin waya, misali Laraba da Lahadi bayan Magariba, minti goma sha biyar, kuma da yaran za a yi magana.

Ga yadda miƙa yaro yake in an yi shi daidai. Uba ya iso ƙarfe goma saura, ya tsaya inda aka ce. Uwa ko ƙanwarta ta fito da yaran da jakarsu, a ciki akwai kayan canji da maganin tarin ƙaramin. Ya ce, “Maman yara, ina kwana, ya gida?” Ta ce, “Lafiya lau. Maganin nan cokali ɗaya ne bayan azahar.” Shi ke nan, minti biyu. Ba a maganar kuɗi a wurin, ba a tambayar yaro wa yake zuwa gidan, ba a aika saƙo ta bakinsa. Jariri mai shan nono kuwa ba a kwana da shi, ziyarar awa ɗaya ko biyu sau biyu a mako ta fi masa yini guda a wata.

Sallah a raba ta tun yanzu, ƙarama wurin ɗaya, babba wurin ɗaya, a juya shekara mai zuwa. Dogon hutu na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba shi ne lokacin da aka fi samun rigima, domin lokacin ake kai yara gida Arewa ganin dangi, kuma sau da yawa daga nan ba a dawo da su. A rubuta mako nawa za su yi, wa zai raka su, wa zai biya mota, da ranar dawowa, aƙalla mako guda kafin a koma makaranta. A ƙara da cewa babu wanda zai canja wa yara gari ko makaranta sai ya sanar da ɗayan a rubuce kwana talatin ko sittin kafin nan.

A batun kuɗi a rarrabe kowane abu: abinci a wata da ranar biya, makarantar boko zango uku, Islamiyya, asibiti, kayan Sallah. Kada ka amsa abin da ba za ka iya ba don a ce kai namiji ne. Wanda yake samun dubu 200 a wata ya sa hannu a kan dubu 120, wata na uku zai fara ɓuya, da ya fara ɓuya kuma ziyara ta mutu. A sa sharaɗin sake duba adadin kowace shekara, domin duk wanda ya ga yadda farashi ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san kuɗin da ya isa bana ba zai isa baɗi ba. In sana'a ta karye, kamar yadda ta karye wa 'yan acaɓa da yawa da aka hana su aiki a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ka koma cibiyar a rage adadin a rubuce. Sannan a rubuta ƙarara cewa jinkirin kuɗi ba ya soke ziyara, hana ziyara kuma ba ya soke kuɗi. Duk biyun haƙƙin yaro ne, in aka ɗaure su da igiya ɗaya shi yake rasa su tare.

Raunin cibiyar a fili yake. Ba ta da ikon tilasta wa kowa zuwa, in uwar yara ta ƙi amsa gayyata babu wanda zai je ya ɗauko ta. Ba ta raba aure. Masu shiga tsakaninta an horar da su a kan sulhu da dokar jiha, kada ka sa ran za su san bambancin hadana da walicci, don haka in kuna son yarjejeniyarku ta dace da fiƙihu ku fara zama da malami ku taho da abin da kuka fahimta. Takardar ita kanta ba ta da ɗan sanda a bayanta, don haka ka tambaya tun a wurin yadda za a kai ta kotu a amince da ita ta zama kamar hukunci, kada ka bari sai an karya ta. Ikonta kuma bai wuce iyakar jihar ba. In an riga an mayar da yaran Kano ko Katsina, can za ka bi su, ta hannun dangi ko Hisba ko kotun shari'ar Musulunci ta garin.

Akwai kuma inda sulhu bai dace ba sam. In akwai duka ko barazana, zaunar da mutum biyu a ɗaki guda a ce su daidaita zalunci ne ga mai jin tsoro. Wannan aikin hukumar yaƙi da cin zarafi a gida ta jihar ne, DSVA, da aka kafa a 2021, kuma dokar Legas ta 2007 a kan cin zarafi a gida ta kare namiji kamar yadda ta kare mace. Namijin da ake duka ko ake yi wa barazana yana da damar kai kokensa can.

In gayyata ta tafi ba a amsa ba, ko an sa hannu an karya, mataki na gaba kotun iyali ce. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi, OPD, da jihar ta kafa a 2000, suna karɓar shari'ar riƙo da ciyarwa kyauta. Mai hali yana iya gwada Lagos Multi-Door Courthouse, cibiyar sulhu mai alaƙa da kotu da aka buɗe a 2002, inda ake biya amma alƙali yana sa hannu a yarjejeniyar ta zama hukuncin babbar kotu. Duk inda za ka, ka riƙe kwafin kokenka da na takardun gayyatar da aka aika, da littafin da kake rubuta kowace ranar da ka je aka hana ka, da kwanan wata da sunan wanda ya tare ka a ƙofa. Kuma ka ci gaba da tura kuɗin yaran ranar da ka saba, ko da wata shida ka yi ba ka gan su ba, domin bayanin bankin nan yana cikin abubuwan farko da lauyanka zai nema ya ajiye a gaban majistare.